Neman wuri a taswirar intanet da lambobi: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wanne ake fara rubutawa?

Latitud (lambar da ke nuna arewa ko kudu), sannan longitud (mai nuna gabas ko yamma), da waƙafi a tsakaninsu. Haka Google Maps yake so. Ka danna nema, shi ke nan.

Alamar debewa dole ce?

Dole mana: a gaban latitud in wurin yana kudu da ikwaita (layin da ya raba duniya arewa da kudu), a gaban longitud in yana yamma da layin Greenwich (inda ake fara ƙirga longitud). Rio de Janeiro tana wajen -22.9, -43.2. Cire alamun biyu ka gani, sai ka tsinci kanka a Saudiyya.

Na rubuta komai daidai, amma taswira ta kai ni wani wurin. Me ya faru?

Kowa haka yake cewa, ya rubuta daidai. Ba zan yanke hukunci ban ga lambobinka ba, amma galibi juya su aka yi. Babbar dalar Giza tana 29.9792, 31.1342. Ka juya su, za ka faɗa kusa da Iskandariya, duk a cikin Masar ɗin, kuma taswira ba za ta ce maka uffan ba. Sai in lambar farko ta haura 90 ne take ƙi, tunda latitud ba ya wuce nan. Wani lokacin ma ba laifinka ba ne: fayilolin KML da GeoJSON, masu ajiye bayanan taswira, longitud suke fara rubutawa, wanda ya kwafo daga can kai tsaye ya riga ya juya.

In ba wannan ba, duba ko an ba ka digiri da minti ne ka mai da su ɗigo da ka. Minti 60 ke cika digiri ɗaya, don haka 12° 30′ shi ne 12.5, ba 12.30 ba. Wannan ɗan kuskuren kilomita 22 ne a ƙasa. Masu rubutu da Faransanci kuma waƙafi suke sawa a gurbin ɗigo, sai ka gyara.

Idan kuwa tazarar mita ɗari ko biyu ce kawai, mai yiwuwa lambobin daga tsohuwar taswirar takarda aka ɗauko, wadda ba a kan ma'aunin WGS 84 da GPS ke bi aka zana ta ba. A China ma ana ganin irin wannan gocewar, domin nasu tsarin daban ne. Kwantar da hankalinka, wayarka lafiya lau take.

Taswira ta nuna ni a tsakiyar teku fa?

Mashigin Tekun Gini ko? Lambobinka sun ɓace, sun koma 0, 0. Koma wurin wanda ya turo maka.

Lambobi nawa zan bari bayan ɗigo?

Biyar. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, lamba ta biyar kuwa mita guda ce da 'yan kai. Masu turo guda goma sha biyar, tururuwa kuke nema?

Ta yaya zan samu lambobin wuri?

A waya, danna wurin ka riƙe. A kwamfuta, danna maɓallin dama na linzami, ka kwafa. Kada ka rubuta da hannu, don Allah.