Fim ɗin Chinatown da rikicin ruwan Los Angeles: amsoshi a wuri guda

Tun da na fara ba mutane shawarar kallon wannan fim, tambayoyi iri ɗaya suke dawo mini. Na tara amsoshin a nan, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Fim ɗin 'yan Chana ne?

A'a. Na Amurka ne, ya fito a 1974. Babu kunfu a ciki. Unguwar da aka sa wa fim ɗin sunanta ma sai a mintunan ƙarshe ake ganin ta.

Su wa suka yi shi?

Robert Towne ya rubuta, Roman Polanski ya ba da umarni. Jack Nicholson ne Gittes mai bincike, Faye Dunaway ce Evelyn, John Huston ne tsohon attajiri Noah Cross. An sa fim ɗin takarar Oscar a rukuni 11, ya ci ɗaya, na rubutun labari.

Na yi rabin awa ban gane komai ba.

Ajiye wayarka tukuna. Ba a kallon wannan fim da ido ɗaya. Gittes yana cikin kowane fage, abin da ya gani shi za ka gani, don haka ruɗewar da kake yi shi ma yana yin ta, kada ka damu. Amma ka sa ido. Dubi lokacin da ya ɗauko agogon aljihu ya ajiye a ƙarƙashin tayar motar mutumin da yake bi, ya tafi abinsa, daga baya fasasshen agogon ya gaya masa ƙarfe nawa motar ta tashi. Dubi tabarau ɗin da ke kwance a ƙasan ɗan tafkin lambun gidan Evelyn. Wanda yake danna waya a wannan lokaci ya yi asarar rabin labarin, kuma shi ne zai zo ya ce fim ɗin ba shi da kan gado.

Mene ne "noir" da ake ta faɗa?

Kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Suna ne na finafinan laifi na shekarun 1940 da 1950, marasa launi, masu ɗacin ƙarshe. Waɗanda aka yi daga baya a kan wannan salo su ake ƙara wa "neo", wato sabo.

Ina rubutu a kan siyasar ruwa. Zan iya kafa hujja da fim ɗin?

A nan sai an bi a hankali, domin amsar ta dogara da abin da kake son tabbatarwa. Idan maganarka yadda jama'a suke tuna rikicin ce, to bismillah, fim ɗin hujja ne babba. Idan kuwa abin da ya faru kake nufi, a ganina kada ka jingina da shi, ka nemi littafin tarihi.

Ga abin da ya tabbata. Los Angeles gari ne mai ƙarancin ruwa da yake ta bunƙasa. A 1905 tsohon magajin garin, Fred Eaton, ya shiga kwarin Owens yana sayen gonaki tare da haƙƙin ruwansu, manoma da yawa suna zaton don aikin ban ruwa na gwamnatin tarayya ne. Injiniya William Mulholland ya gina hanyar ruwa mai tsawon kilomita kusan 375, aka buɗe ta a Nuwamban 1913. Ruwan ya biyo ta kwarin San Fernando, inda wasu attajirai, ciki har da Harrison Gray Otis mai jaridar Los Angeles Times, suka riga suka mallaki filaye. A 1915 aka haɗe yawancin kwarin San Fernando da birnin, busasshiyar ƙasa ta yi tsada. Manoman Owens ba su yi shiru ba: a 1924 sun sa wa hanyar ruwan nakiya, sun kuma mamaye wata ƙofarta suka saki ruwan. A cikin waɗannan shekaru tafkin Owens ya ƙafe.

To, fim ɗin ya ɗauko wannan ya kai shi 1937, shekara talatin da wani abu bayan sayen gonakin. Ya kuma yanka mutum ɗaya gida biyu: akwai kamannin Mulholland a jikin injiniya Mulwray mai gaskiya, mijin Evelyn, wanda aka kashe a fim ɗin, akwai ɓurɓushinsa a jikin Cross. Mulholland na gaske ba a kashe shi ba, ya rasu a 1935 yana tsoho. Bai taɓa mallakar kamfanin ruwan garin ba kamar yadda Mulwray da Cross suka yi a fim, da gyaran kwalbati ya fara aiki a cikinsa. Madatsar da Mulwray yake cewa ta taɓa ɓallewa, shi ya sa ba zai gina wata ba, tana nuni ga madatsar St. Francis, wadda Mulholland ya gina. Ta fashe a daren 12 ga Maris 1928, ta halaka mutum fiye da 400, kuma a ranar Mulholland ya je ya duba ta ya ce lafiya lau take. Ya ɗauki laifin a gaban masu bincike.

Inda nake ja maka kunne shi ne batun ƙirƙirar fari. A fim ana zubar da ruwa a teku da dare don a tsorata masu jefa ƙuri'a. An taɓa yin irin wannan zargi, amma masana tarihi sun yi saɓani a kansa, da ma a kan ko haɗin baki ne tun farko ko kuwa masu kuɗi ne suka ji ƙishin-ƙishin suka riga kowa. Ni na fi karkata ga cewa ba sai an yi kisa ba kafin abin ya zama zalunci. An bi doka, an sa hannu a takarda, an biya kuɗi, amma kwarin Owens ya bushe. Idan za ka rubuta, ware tarihi daban, fim daban, ka faɗi wanne kake nufi a kowace jimla.

Zan iya kalla da iyali?

A'a. Akwai tsiraici, akwai tsaga hanci da wuƙa, kuma sirrin gidan Cross ba na kunnen yara ba ne.

Me ya sa mugu ya ci riba a ƙarshe?

Saboda haka Polanski ya so. Towne ya rubuta ƙarshen da Evelyn take tsira, daraktan ya ƙi. Ku daina cewa an ɓata fim ɗin. Mutumin da ya mallaki ruwan gari da filayensa, wane ɗan sanda ne zai sa masa ankwa?

Ka san abin da daraktan ya aikata?

Na sani. A 1977 ya amsa laifin lalata da yarinya 'yar shekara 13, a 1978 ya gudu daga Amurka kafin a yanke masa hukunci. Wanda ya ƙi kallo saboda haka bai yi laifi ba, kuma ba zan yi masa gardama ba.

An mayar wa mutanen Owens ruwansu?

Kaɗan. Bayan shari'o'i masu tsawo, a Disamban 2006 aka sake sakin ruwa a ƙasan kogin Owens, tsawon kilomita kusan 100, kuma an tilasta wa birnin ya magance ƙurar da take tashi daga busasshen tafkin. Har yau Los Angeles tana shan ruwa daga can.