Mene ne "berni" da masu fentin mota ke faɗa?

Duk wanda ya taɓa kai mota garaji a Yamai don a sake mata fenti ya ji tambayar nan: "Alhaji, da berni ko babu?" Yawanci mukan ce a sa, tunda mun ji shi ne mai sa mota ƙyalli. Kalmar Faransanci ce, a jikin gwangwani vernis ake rubutawa, bakinmu ne ya mai da ita berni.

Berni ba launi ba ne, ruwa ne garai da ake fesawa a ƙarshe. Mai fenti yakan cike lotsawa da mastik, ya goge, ya fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan launin da ka zaɓa. Launin nan shi kaɗai dishi-dishi yake, ba ya ɗaukar ido, kuma ba ya jure rana. Berni ne ke hawa kansa ya ba shi sheƙi, ya tare masa zafin rana da ƙura. Tun wajejen 1980 kamfanonin ƙera motoci suka koma wannan tsari na launi daban, berni daban. Kaurinsa kuwa abin mamaki ne: bai cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, wato ko silin gashin kai bai kai ba. Duk ƙyallin da kake alfahari da shi a kan wannan ƴar fata yake zaune.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne bushewa daban, tauri daban. Kafin a fesa berni ana haɗa shi da wani ruwa mai sa shi ƙarfi, su biyun su yi ta cin juna a hankali. A kamfani gasa motar ake yi a zafin digiri 140 ko kusa da haka, ta fito da taurinta. Garajin da ke da rufaffen ɗakin fenti yakan gasa a wajen digiri 60. Namu na bakin hanya kuwa, iska da rana ce tandarsu. Washegari ka taɓa ka ji ya bushe ƙayau, alhali ciki da sauran danshi, sinadaran tsinka fentin suna ta fita. Wannan yakan ɗauki wata 1 zuwa 3. Shi ya sa ake hana shafa man ƙyalli mai kaki a lokacin.

To, a cikin waɗannan makonni ne muke yi wa berni kisan mummuƙe, kuma da kyakkyawar niyya. Gari ya waye cikin hunturu, ƙura ta kwanta a kan mota kamar an barbaɗa gari. Yaron gida ya fito da tsumma busasshe, yana so maigida ya ga ƙoƙarinsa, ya hau dirza yana zagayawa da hannu. Ƙurar nan ƙananan ƙwayoyin yashi ce, ta fi berni tauri nesa ba kusa ba. Da hantsi ka tsaya gefen motar ka duba inda rana ta haska, za ka ga zane sirara-sirara sun yi da'ira kamar yanar gizo-gizo. A baƙar mota abin har ya fi muni. Ni a ganina gara motar ta yini da ƙurarta da a taɓa ta da tsumma ba ruwa.

In za a wanke, a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar, sannan a bi da yadi mai laushi, a inuwa, jikin motar da sanyi. Ban da garin sabulun wanki, ban da buroshi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ruwa yakan ƙafe a jikin ƙarfe kafin ka zagayo, ya bar tabon gishiri zagaye-zagaye.

Inuwar ma da sharaɗi. Kowa na son gindin dogon yaro, amma tsuntsaye ma can suke. Kashinsu yana da tsami, in rana ta gasa shi a kan sabon berni sai ya ci ya bar shaida. Da ka gani, jiƙa yadi ka ɗora ya yi laushi ka ɗauke, kada ka kankare da farce. Haka fetur: in za ka sha mai, musamman wurin masu kwalba, ka lura da wanda ke tsiyaya a bakin tanki, a wanke nan take. Tamfol ma a dakata da shi, don iska na kaɗa shi yana goga ƙurar da ke ƙarƙashi. In tafiyar Dosso ko Tawa ta kama, kada ka manne wa bayan babbar mota, tsakuwa take watsowa.

Zanen da bai yi zurfi ba, wanda farce ba ya kamawa, ana iya goge shi da injin in berni ya gama tauri, amma kowace gogewa ragin kauri ce. In kuwa ka ga rufi ko murfin inji ya fara fari-fari yana saɓulewa kamar saɓar maciji, berni ya mutu ke nan. Babu man da zai tashe shi, sai a kankare wurin a sake fesawa.