Sarrafa Nisa a Dogon Bugun Mirgine na Wasan Golf

Bugun mirgine shi ne bugun da ɗan wasan golf yake yi a kan dandalin da ke kewaye da rami, inda ake aske ciyawa ta kwanta sumul, wanda 'yan wasa a Akara da Kumasi suke kira girin. Ana yin sa da sanda mai faffaɗar fuska da ake kira fota, wadda ba ta ɗaga ƙwallo sama, tura ta kawai take yi ta bi ƙasa. Idan tazarar da ke tsakanin ƙwallo da rami ta kai mita 10 ko fiye, ana ɗaukarsa a matsayin dogon bugu, kuma a nan manufar ɗan wasa takan sauya: jefa ƙwallo a rami ya zama rabo, abin da ake nema shi ne a ajiye ta kusa da baki ta yadda bugu na biyu ba zai zama abin fargaba ba.

Dalilin wannan sauyi a bayyane yake. Faɗin ramin golf inci 4.25 ne, wato milimita 108, kuma lissafin da Mark Broadie na Jami'ar Kolombiya ta Amurka ya yi ya nuna cewa ƙwararrun 'yan wasan gasar PGA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ma kusan rabin bugunsu ne yake faɗawa daga ƙafa 8, sannan daga wajen ƙafa 33 bugu biyu suke buƙata a matsakaici. Saboda haka abin da yake cin ɗan koyo a dandali shi ne bugu uku, kuma galibi ƙarfin bugun farko ne yake jawo shi. Da wuya mutum ya kauce wa rami da mita biyu zuwa dama ko hagu, amma ya gaza da mita biyu ko ya zarce da mita uku abu ne da ake gani kullum.

Abin da ke faruwa da ƙwallo

Fuskar fota tana da ɗan karkata zuwa sama, yawanci digiri 2 zuwa 4, domin ta fitar da ƙwallo daga ɗan gurbin da ta zauna a cikin ciyawa. Da an buge ta, ƙwallon takan fara da zamewa na ɗan lokaci kafin ta kama mirginawa sosai, daga nan gogayyarta da ciyawa ce take rage mata gudu har ta tsaya. A kan shimfiɗaɗɗen wuri, nisan da za ta yi yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta na farko ya ƙaru: idan gudun ya ninka biyu, nisan yakan kusan ninka huɗu. Ma'anar wannan ita ce kuskuren kashi 5 cikin ɗari a ƙarfin bugu yakan zama kusan kashi 10 a nisa, wato mita ɗaya da rabi a bugun mita 15. Haka nan idan ƙwallo ta taɓa fota a gefe maimakon tsakiyar fuskarta, wani ɓangare na ƙarfin yakan salwanta, ɗan wasa ya ga ƙwallonsa ta tsaya a hanya alhali hannunsa ya ba da abin da ya saba bayarwa.

Saurin dandali

Kowane dandali da saurinsa, kuma akwai ma'auni na musamman da ake gwada shi. Edward Stimpson, wani ɗan wasa daga jihar Masacuset ta Amurka, shi ya ƙirƙiri na'urar a 1935, hukumar golf ta Amurka kuma ta gyara ta ta fara raba wa masu kula da filaye a 1978. Wani dogon ƙarfe ne mai kwari a tsakiya, tsawonsa inci 36. Ana ɗora ƙwallo a kansa a ɗaga shi a hankali har ta gangaro da kanta, sai a auna ƙafa nawa ta yi. Wannan adadi shi ne saurin dandalin.

A kudancin Gana lamarin yana bin yanayi sau da ƙafa. Mai wasa a filin Acimota na Akara, wanda aka kafa a 1934, ko a filin Royal na Kumasi inda ake gasar da ke ɗauke da sunan Sarkin Asante, ya san cewa dandalin watan Yuni daban yake da na watan Janairu. Da damina ƙasa takan yi laushi, ciyawa ta yi kauri, ƙwallo ta riƙa tafiya kamar ana jan ta baya. Idan iskar hunturu ta sauko daga arewa kuwa, ƙasa ta bushe ta yi tauri, bugun da jiya ya tsaya a bakin rami yau sai ya wuce shi da taku biyu. Ko a rana guda ma akwai bambanci, domin da sassafe raɓa tana riƙe ƙwallo, har ana ganin siririn sawun da ta bari a kan ciyawa, amma kafin azahar wurin ya bushe ya ƙara santsi.

Akwai kuma kwanciyar ciyawa, abin da ya fi tsanani a ciyayin ƙasashe masu zafi irin su bamuda. Idan mutum ya tsaya bayan ƙwallonsa ya ga dandalin yana sheƙi, ciyawar ta kwanta ne zuwa inda zai buga, ƙwallo za ta yi gudu. Idan ya gan shi da duhu, ciyawar tana fuskantarsa, sai ya ƙara ƙarfi. Masu ɗaukar jaka da suka daɗe a fili guda sukan fi baƙon ƙwararre sanin wannan, kuma mai hankali yakan saurari “ƙara kaɗan, maigida, hawa ne” da suke faɗa ƙasa-ƙasa. Doka dai ta hana a gwada dandalin ramin da ake bugawa ta hanyar murza shi da hannu ko mirgina wata ƙwallo a kai, don haka wurin gwaji shi ne dandalin atisaye kafin a fara zagaye.

Hannu da ido

Akasarin masu koyarwa sun yi ittifaƙi a kan cewa tsawon lilon fota ne ya kamata ya ƙayyade nisa, saurin lilon kuma ya kasance iri ɗaya ko bugun gajere ne ko dogo. Kafaɗu ne suke motsa sanda, wuyan hannu ya zauna lafiya, riƙon kuma ya zama sassauƙa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ja fota baya kaɗan sannan a zabura a doki ƙwallo, wanda hakan yake sa ƙarfin ya bambanta daga bugu zuwa bugu.

Sauran aikin na ido ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma yaron unguwar Nima ta Akara da zai jefa wa abokinsa lemo daga tsallaken titi ba ya lissafin komai, abokin yake kallo hannu ya bi. Shi ya sa ake shawartar ɗan wasa ya yi lilon gwaji idonsa a kan rami, ya kuma taka tazarar da ƙafarsa ya tsaya a gefe, a tsakiyar hanya, domin daga nan ne hawa da gangara suka fi bayyana. A gangara yakan sa wa ransa wani wuri kafin rami ya yi kamar nan ne ramin; a hawa kuma ya ɗauki wani wuri a bayansa.

Daga cikin atisayen da aka fi sani akwai na tsani, inda ake kafa tsinke a mita 6, da 9, da 12, da 15, a riƙa buga ƙwallo ɗaya zuwa kowanne ba bisa jeri ba. Wasu sukan buga zuwa gefen dandali inda doguwar ciyawa ta fara, babu rami a gabansu, don hankali ya koma kan nisa kaɗai. Wasu kuma sukan rufe ido bayan bugu su faɗi ko ƙwallon ta gaza ko ta wuce kafin su duba.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne wurin da ya kamata ƙwallo ta tsaya idan ba ta faɗa ba. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kafin ya koma koyar da golf, ya ce gudun da ya fi dacewa shi ne wanda zai kai ta inci 17 bayan rami, domin kada ƙananan sawu da ke kusa da baki su karkatar da ita. Masu saɓa masa suna cewa ƙwallo mai gudu takan lashi bakin rami ta fice, mai tafiya a hankali kuwa tana iya faɗawa ko ta gefe. Shawarar Pelz ta fi ƙarfi a gajere da matsakaicin bugu. A mita 15 kuwa, musamman a gangaren da hunturu ya busar, ya fi dacewa a nufi ramin kansa a matsayin tsakiyar da'ira mai faɗin taku ɗaya ta kowane gefe.