Matatar aljihu ba ta mayar da ruwan kwata ruwan sha

A wajen aikinmu na faɗakarwa a unguwannin Kano, wani matashi cikin masu fita hawan duwatsu da doguwar tafiya a ƙasa ya ciro wata 'yar matatar ruwa daga jakarsa, wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, ya tambaye ni ko za ta ishe shi ya sha ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa, irin wanda ake ban ruwan lambu da shi. Ya ce ya gwada ta da ruwa mai gansakuka, ya fito garau kamar na leda. Na ce masa kada ya sha, kuma ina so sauran matasanmu su ji dalili.

Ƙofofin irin wannan matata yawanci faɗinsu maikuron 0.1 ne zuwa 0.2 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Suna tare laka, da bakteriyar da ke jawo kwalara da taifot, da ƙananan halittu irin su jiyadiya mai jawo gudawa, kuma wannan amfani ne babba da ba na rainawa. Amma bairos ɗin da ke haddasa ciwon hanta nau'in A bai fi kusan maikuron 0.03 ba, saboda haka yana iya wucewa, kuma bahayan mutane shi ne babbar hanyarsa ta shiga ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sinadaran da suka narke. Duk wanda ya san kogunan Jakara da Getsi na Kano ya san cewa ruwan kwatocin gidaje da na masana'antun Bompai a nan suke haɗuwa, haka kuma majemun zamani na Sharaɗa da Challawa suna aiki da sinadarin kuromiyom, mai iya cutar da lafiya, wajen jimar fata. Abin da ya narke a ruwa, kamar gishiri a miya, matatar aljihu ba ta raba shi da ruwan. Tafasawa na minti ɗaya tana kashe bairos, amma ba ta cire kuromiyom ko darma. Ruwan ne ma yake raguwa, su kuwa suna nan daram.

Gaskiya ne birnin Windhoek na Namibiya yana mayar da ruwan da aka yi amfani da shi ruwan sha tun 1968, sai dai da babbar matata mai matakai da yawa da gwaji ba dare ba rana ake yin hakan.

Don Allah, mai fita ya cika gorarsa tun daga gida. Idan ruwa ya ƙare a daji, a nemi rijiya ko rafin da ke nesa da gari da masana'anta, a tace, sannan a tafasa ko a saka ƙwayar kulorin a jira minti 30 kafin a sha.