Tambayoyi da amsoshi kan yadda mutum zai ɗore da karatun littafi

Da yawanmu mun yi bankwana da littafi tun ranar da muka fito daga ɗakin jarrabawar ƙarshe. Masu son komawa suna nan da dama, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne.

Kowace shekara nakan ɗaura niyyar karanta littafi 50, amma kafin wata uku na yi sanyi. Ina matsalar take?

Matsalar tana wajen ma'auni. Littafi 50 buri ne mai nisa, ba ya gaya maka abin da za ka yi yau da daddare. Masu tilawa sun daɗe da warware wannan. Alƙur'ani izu 60 ne, wanda kuma yake son ya sauke a watan azumi ya san rabonsa izu 2 ne a kowace rana. Idan gari ya waye, izu biyun nan ne a gabansa, saukar kuma takan zo da kanta a ƙarshen wata. To, ka ɗauki wannan tsari ka kai shi kan kowane littafi. Shafi 10 a rana ya kama shafi 3,650 a shekara, wato kimanin littafi 18 masu shafi 200. Wanda ya riƙe shafi 10 ɗin nan ya fi mai burin 50 da ya tsaya a na uku nesa ba kusa ba. Ranar da ka tsallake kuwa, kada ka ɗora wa gobe bashin jiya. Ka ci gaba daga inda ka tsaya kawai, domin tara bashi ne ke sa mutum ya ji nauyin ɗaukar littafin gaba ɗaya.

Ba ni da lokaci. Yaushe zan karanta?

Ka jingina karatun da abin da ba ya wuce ka: bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko tsakanin magariba da lisha, ko zaman jiran mota ta cika a tasha. Minti 20 ya ishi shafi 10 ga yawancin mutane. Amma fa waya ta yi nesa da hannunka a wannan lokacin.

Da wane irin littafi zan fara? Ana cewa littattafan soyayya ɓata lokaci ne.

Ban yarda da wannan magana ba. Tun daga shekarun 1980, littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano su ne suka riƙe dubban mata da matasa a kan karatun Hausar boko, ana karɓar haya a shago, ana ba maƙwabciya aro. Akwai masu rauni a cikinsu, akwai masu kyau, kamar kowane fanni. Wanda ya saba zama da labari na awa guda, shi ne gobe zai iya zama da littafin tarihi. Ka fara da abin da ranka yake so, kuma gajere. Ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shiga, duk ƙanana ne, ana gama ɗaya cikin 'yan kwanaki, ga kuma Hausa mai daɗi.

Me ya sa ake cewa in riƙa rubuta abin da na fahimta? Karatun bai isa ba?

Nan ne nake ganin mafi yawan masu karatu suke yin asara. Mutum ya gama littafi, bayan wata biyu a tambaye shi me ke ciki, sai ya ce "wallahi ya yi daɗi", shi ke nan. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan malaman zaure ya ga gefen shafi cike da ƙananan rubutu, wani da Larabci, wani da ajami: ma'anar kalma, bayanin da malam ya yi, wurin da aka sami saɓani. Ɗalibi kuma ba ya ƙarin karatu sai ya yi bitar na jiya. Sun san abin da ido ya bi ta kansa sau ɗaya ba ya zama.

Ka nemi littafin rubutu guda ka keɓe shi. Idan ka gama babi, ka rufe littafin tukuna, sannan ka rubuta da kalmominka abin da ya tsaya maka. Rufewar tana da muhimmanci, domin idan yana buɗe kwafa za ka yi, kwafa kuwa ba ta nuna maka gibin fahimtarka. Layi uku ko huɗu sun wadatar. Ka sa kwanan wata da lambar shafi. Abin da ya fi kome amfani shi ne wurin da ka ƙi yarda da marubucin, da dalilinka, ko wurin da maganarsa ta ci karo da abin da ka gani da idonka a gida ko a kasuwa. Bayan wata guda ka koma ka karanta abin da ka rubuta. Wani lokaci za ka tarar ra'ayinka ya sauya, sai ka ƙara layi a ƙasa ba tare da ka goge na farko ba.

Littafi ya gundure ni a tsakiya. Dole in ƙarasa?

Idan na nishaɗi ne, ka ajiye shi ka ɗauki wani, ka rubuta dalilin ajiyewar. Idan na ilimi ne da kake buƙata, wahalarsa ba gundura ba ce, ka rage yawan shafin, ka nemi wanda ya fi ka sani ku bi shi tare.

Karatu a waya fa, ko sauraron littafi a rediyo, suna cikin lissafi?

Suna ciki, muddin ka riƙe rabonka na rana kuma ka yi rubutunka bayan an gama. Yau marubutan Hausa da yawa ta WhatsApp da Wattpad suke fitar da labaransu. Abin da nake roƙo shi ne a daina yaɗa littafin da marubuci ya sa wa kuɗi kyauta a zaurukan waya. Mace ta kwashe watanni tana rubutu tsakanin girki da reno, a wayi gari ana rabon aikinta ba ko sisi. Idan kuɗin saye ya yi maka yawa, ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi na takarda ku riƙa karɓa-karɓa, ko ka leƙa ɗakin karatu na jiharku, irin na Murtala Muhammad da ke Kano.