Karanta rubutun kiɗa da kwamfuta

Karanta rubutun kiɗa da kwamfuta, wanda ake taƙaitawa da OMR (daga sunansa na Turanci, Optical Music Recognition), fasaha ce da ake ɗaukar hoton takarda mai alamomin kiɗa, manhaja ta gane alamomin, ta mayar da su rubutun da za a iya gyarawa, a ɗaga ko a sauke muryarsa, ko a sa kwamfuta ta kaɗa shi a ji.

An fara binciken a jami'ar MIT ta Amurka, inda Dennis Pruslin ya gabatar da aikinsa a 1966. Manhajar MIDISCAN ta shiga kasuwa a 1991, daga baya ta koma SmartScore. Akwai kuma PhotoScore mai tafiya da manhajar rubuta kiɗa ta Sibelius, da Audiveris wadda kyauta ce. Yawancinsu suna fitar da aikin a tsarin fayil na MusicXML, wanda manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore ke buɗewa.

Aikin ya fi karanta haruffa wuya nesa ba kusa ba. Ƙwayar sauti, wato alamar da ke wakiltar sauti ɗaya, ba ta da suna sai an ga inda ta zauna a kan layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kansu, an kuma duba alamar farkon layi. Ɗigo a gefenta yana ƙara mata rabin tsawonta. In yana sama ko ƙasa da ita, cewa yake a gutsure sautin, kada a ja shi. Ke nan kashin ƙuda ɗaya ya isa ya dagula lissafin bugun da ke cikin gaɓar kiɗa. Shi ya sa ake son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, takardar kuma a miƙe.

A Jos, hedikwatar ikilisiyoyin ECWA da COCIN, malaman kwaya (ƙungiyar mawaƙan coci) na cikin waɗanda fasahar za ta fi yi wa rana, sai dai akwai cikas biyu. Takardar da ke hannunsu sau da yawa fotokwafin fotokwafi ce: layuka sun kakkatse, gefen da ke kusa da ɗinkin littafi ya yi baƙi, ga rubutun biro a kai. Na biyun ya fi girma. Mawaƙa da dama da solfa suka tashi, wato tsarin rubuta do, re, mi da haruffa da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, alhali manhajojin nan don layuka biyar aka gina su. Haka malami zai zauna ya saurari muryoyi huɗu na kwaya ɗaya bayan ɗaya, takarda a hannu, ya gyara inda muryar alto ta hau gurbin muryar tena, sannan ya juya waƙar zuwa solfa kafin ranar koyo.