Idan fitsari yana yawan yi wa mage gardama: tambayoyi da amsoshi

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, gidan da ke da rumbu da wuya ya rasa mage. Ita ke gadin gero da dawa, amma ranar da ciwo ya kama ta ba kowa ke lura ba, domin dabba ce mai ɓoye ciwonta. A bazarar da ta wuce wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni in duba muzurunta, karo na uku ke nan yana tsugunawa a turɓaya yana nishi, sai ɗan ɗigo mai jini ya fito. Tambayoyinta da na wasu masu mage na tattara a nan.

Malam, yaya zan gane fitsari ne ke damunsa, ba taurin bayan gida ba?

Inna, tsugunon iri ɗaya ne, shi ya sa ake ruɗewa. Ki bi shi ki duba wurin bayan ya tashi. Mai ciwon mafitsara zai yi ta komawa yana tona ƙasa, ya tsuguna ya daɗe, wani lokaci har da kuka, ya tashi ya hau lasar gabansa. Sau da yawa yakan bar turɓaya ya yi a kan siminti ko cikin kwano. Wannan ba rashin ladabi ba ne, kada a dake shi.

Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Wannan ce tambayar da na fi so kowa ya riƙe amsarta. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, ta macen kuwa gajera ce mai ɗan faɗi. Don haka namijin ne ke toshewa, da 'yar tsakuwa ko da wani dunƙulen majina da gishirin fitsari. In ya toshe, fitsari ya taru, ƙoda ta daina tace jini, sinadarin fotasiyam ya hau har ya taɓa bugun zuciya. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya mutuwa.

Muzurun da ya wuni yana yunƙuri ba ko ɗigo, ya ƙi abinci, yana amai, ya lafe a lungu, kada a bari ya kwana a gida. In kin shafa mararsa a hankali za ki ji wani abu mai tauri kamar lemon zaƙi. Ki shafa kawai, kada ki matsa, mafitsarar na iya fashewa. Likitan dabbobi ne zai yi masa allurar barci, ya zura 'yar siririyar roba ya buɗe hanyar, ya ƙara masa ruwa. Babu wani jiƙo ko sassaƙe da zai yi wannan aikin.

Ba ciwon sanyi ba ne? Me ya sa yake tafiya ya dawo?

Mu dai duk abin da ya shafi mara sai mu ce sanyi. A mage mai ƙuruciya ko matsakaiciya, ƙwayoyin cuta ba su cika zama sanadi ba, sun fi kama tsofaffi da suka haura shekara 10. Abin da ya fi yawa kumburin mafitsara ne da ke tasowa idan hankalin dabbar ya tashi, ga kuma ƙarancin shan ruwa. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7, kuma nan ne ake yaudaruwa: duk abin da aka ɗura mata a kwanakin sai a ce shi ya yi magani, bayan wata biyu ciwo ya dawo. Akwai kuma tsakuwa, wadda sai an auna fitsari ko an ɗauki hoto ake tabbatar da ita.

To in sayo Panadol ko kafso a kemis mana?

Don Allah kada ki yi. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe ta: dasashi ya canja launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen su ma suna lalata mata ƙoda. Kafso kuwa, in ba ƙwayoyin cuta ba ne, asarar kuɗi ce kawai.

Kanwa ma a bar wa shanu da tumaki. Irin tsakuwar da ta fi saurin taruwa a mafitsarar mage tana samuwa ne idan fitsari ya rasa tsaminsa, kanwa kuwa kashe tsami ne aikinta, kamar yadda take yi a miyar yakuwa.

Ai ga ruwa nan a gida, me zai hana ta sha?

Asalin mage dabbar busasshiyar ƙasa ce, ƙishirwa ba ta cika tura ta wurin ruwa ba. Ruwanta a jikin ɓera take samu, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Mai nauyin kilo 4 tana bukatar kusan kofin shayi guda a rana, a ci da sha. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Jigawa da Kano, fitsarinta yakan yi kauri sosai.

A ajiye mata kasko mai faɗi a wuri biyu ko uku, ɗaya a gindin randa inda ke da sanyi, a sauya ruwan safe da yamma. Kada ya zama wanda kaji da awaki ke turmutsutsu a kai, kuma a nisanta shi daga inda take bayan gida. Romon kaza ko na ɗanyen kifi da ba a sa gishiri da magi ba, shi ne dabarar da na ga ta fi ci.

Abinci fa?

Ragowar tuwo ba ya riƙe mage, mai cin nama ce. Miyarmu kuma da albasa da tafarnuwa, dukansu suna lalata mata jini. Busasshen kifi da ƙayarsa kullum-kullum a rage shi, ba ruwa a cikinsa, ga gishiri. Dafaffen nama, kayan cikin kaza ko ƙwai, a tsoma cikin romo, ya fi. Wanda ke sayo mata abincin leda daga birni ya riƙa jiƙa shi. Akwai abinci na musamman da ke narkar da wani nau'in tsakuwar cikin 'yan makonni, amma ba kowane nau'i ba, don haka likita ne zai ce a saya.

Wane irin tashin hankali ne zai dami mage?

Baƙon muzuru da ke tsallako katanga da dare, kare, yara masu jifa, hayaniyar biki, ko a kulle ta a ɗaki ba inda za ta tona. Muzurun Inna, da muka bi diddigi, duk tashin ciwon nasa ya zo ne bayan faɗa da na maƙwabta. A ba ta wani wuri mai tudu da za ta hau ta ɓuya, da yashi mai tsabta a kusurwar da ba a yawan wucewa. A kuma ja wa yara kunne, hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure ba ci ba sha yana cikin Bukhari da Muslim.

Idan ya sake toshewa, ga mu nesa da gari?

Tun yana lafiya ki nemi lambar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ki tambaye shi wa ke iya sa wa mage roba, domin da yawansu sun fi sabawa da shanu da awaki. Sau da yawa sai an dangana da Dutse ko Kano. Muzurun da ke toshewa a kai a kai akwai tiyatar da ake faɗaɗa masa mafitar fitsari, irin aikin da ake nema a manyan wurare kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A hanya a sa shi cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma, kada a ɗaure shi a buhu.